Shubuha Lakadan, Amsa Ajalan

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin ofis, na sa hannu a takardar barin aiki, na ɗaure kwalin takarduna a bayan babur. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a sashen nazarin addinin Musulunci na kwalejin nan. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya da su ba sa bukatar in ba su labarin aji mai ɗalibi ɗari biyu, ko alawus ɗin da ake jira har a fid da rai. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu. Tun 2020 kowa yake ba da labarin shafi na uku na wata takarda da na raba wa ɗalibaina yadda ya ji shi, a ɗakin malamai da teburin mai shayi da wurin suna. Ni kaɗai ne ban taɓa ba da nawa ba, domin ina ƙarƙashin mutumin da labarin ya shafa. Yanzu ba na ƙarƙashinsa.

Mafarin abin littattafai ne guda huɗu. A 2018 wani abokin karatuna da ya tafi Ingila neman digiri na uku ya zo ganin gida, ya kawo mini su tsaraba. Wanda bai san laburarenmu ba ba zai gane girman wannan tsaraba ba. A kantar falsafa, littafin da muke kira sabo ya girmi yawancin ɗalibanmu, kuma abin da ke cikinsa shi muke ta maimaitawa: Musulmi sun fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, Farabi da Ibn Sina suka yi gini a kai, Imamu Gazali ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe ginin, Ibn Rushd ya mayar da martani daga Andalus, ya rasu a 1198, daga nan aka rufe babin. Haka aka koya mini, haka na koyar shekara biyar, kuma da wannan ma'auni nake ba da maki.

Na farkon littattafan na Frank Griffel ne, wani masani ɗan Jamus, a kan tauhidin Imamu Gazali da alaƙarsa da falsafa. Ya fito a 2009. Abin da yake nunawa shi ne Gazali bai kashe falsafa ba. Ya tankaɗe ta ne, ya zubar da abin da ya ga ya saɓa wa addini, ya shigar da sauran, musamman manɗiƙi, wato ilmin tsara hujja, cikin ilmin tauhidi da usulu, suka zauna a can. Cikin mas'aloli 20 da ya yi jayayya da masu falsafa a kansu, uku kawai ya ce sun kai kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Na biyu na Khaled El-Rouayheb ne, na 2015, a kan ƙarni na 17, ƙarnin da aka gaya mana barci aka yi a cikinsa. Shi ya bi rubuce-rubucen lokacin ya nuna yadda malaman Magrib suka raya manɗiƙi da tauhidin Imamu Sanusi, suka kai shi har Masar. Na uku shi ne Beyond Timbuktu na Ousmane Kane, jikan Shehu Ibrahim Inyas da ke koyarwa a Harvard, wanda ya fito a 2016, yana cewa tarihin ilmi a Afirka ta Yamma bai fara da zuwan boko ba kuma bai tsaya a Tambutu ba. Na huɗu Tahafut ɗin ne kansa, Larabci a shafi ɗaya, fassarar Ingilishi a shafin da ke fuskantarsa.

Wata uku na yi ina karanta su da fitila mai caji, bayan yara sun kwanta. Ba na jin kunyar cewa sun girgiza ni. Na ji kamar wanda ya shekara yana nuna wa baƙi hanya, sai aka ce masa hanyar ba nan take ba. Ta dalilin su na fara bibiyar sunan Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864 ya bar rubuce-rubuce a kan hikima da falsafa. A ƙasar Hausa aka yi shi, amma ban taɓa jin sunansa a aji ba, ko a matsayin ɗalibi ko a matsayin malami.

Da aka ba ni kwas ɗin falsafar Musulunci a zangon farkon 2020, sai na shiga ofishin shugaban sashe da littattafan a hannu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ina so bana yara su karanta Gazali da kansa, ba abin da aka ce Gazali ya ce ba." Ya ɗauki littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya jinjina nauyinsu, ya karanta bangon baya. Ya ce, "Malam, ai irin wannan muke nema a sashen nan. Je ka yi, ina bayanka. Ka ma kai su laburare a buga musu hatimi yara su amfana." Mu biyu ne a ofishin, sai masinja da ya shigo da fayil ya fita. Ban ce ya rubuta ba. A ganina a lokacin, neman sa hannun babba a kan maganar da ya faɗa da bakinsa rashin kunya ne. Washegari na kai littattafan laburare.

Wannan kuskure ne, amma ba shi ne babban ba. Babban nawa ne ni kaɗai, ba kuma zan rataya shi a wuyan kowa ba.

Mas'ala ta farko a Tahafut ita ce ta dawwamar duniya. Yadda Gazali ya tsara ta, yakan kawo hujjar masu falsafa da dukkan ƙarfinta, sannan nan take a ƙarƙashinta ya warware ta. Suna cewa: in duniya fararriya ce, me ya sa ta faru a lokacin da ta faru, ba kafin nan ba? Mene ne sabon abin da ya auku har aka yi ta, alhali Mahalicci ba ya canzawa? Shi kuma ya amsa da cewa nufin Allah na tun azal shi ne ya zaɓi wannan lokaci, domin aikin nufi ke nan, ya ware abu daga abin da ya yi daidai da shi. Ya buga misali da dabino biyu masu kama ɗaya a gaban mai jin yunwa, wanda ba zai iya ɗaukar duka biyun ba. Ba zai mutu yana kallonsu ba, dole ya ɗauki ɗaya. Misali ne da ɗan ƙauyenmu zai gane tun kafin a rufe baki.

Ni sai na ga kamar zan fi Gazali iya tsarawa. Na tsince hujjojin masu falsafa na tara su wuri ɗaya, shafi shida. Na tara amsoshin a wani wuri dabam, shafi takwas. Na fassara komai da Hausa mai sauƙi, domin Ingilishin fassarar ya fi ƙarfin yaranmu, Larabcin kuma ya fi ƙarfin rabinsu. Dabarata ita ce in ba su kashi na farko su yi mako guda suna kokawa da shi, su zo da tasu amsar, sannan in fito da ta Gazali su ji daɗinta. A shafin farko na rubuta a sarari cewa waɗannan maganganun masu falsafa ne da Imamu Gazali ya rushe. A sauran shafukan ban maimaita ba. Abin da ke saman kowane shafi shi ne sunan kwas da sunana.

Ranar Laraba na raba kashi na farko. Kafin wata Larabar ta zagayo, an rufe makarantu saboda korona. Ƙarshen watan Maris ne. Aka ce wata guda za a yi. Sai da aka haura wata shida.

Ɗalibi ɗari da wani abu suka watse cikin ƙauyukan Jigawa da Kano, kowa da shafi shida a jaka, kashi na biyu yana cikin durowar ofishina a kulle. Ina da lambar shugaban ajin. Da na ɗauki hoton shafi takwas ɗin nan na tura masa tun makon farko, da maganar ba ta kai ko'ina ba. Ban yi ba. Hankalina yana kan kulle da tsadar hatsi da jinyar ƙaramin ɗana, na kuma ɗauka kwana kaɗan za a koma.

Da azumi ya kama, a ƙarshen Afrilu, sai hoton shafi na uku ya fara yawo a WhatsApp. Shafi ɗaya tak. A samansa sunana, a tsakiyarsa jimla da Hausa tsantsa tana cewa duniya ba ta da farko kuma ba zai yiwu a ce an fare ta ba. Bayan kwana biyu aka haɗa shi da saƙon murya na wani mai wa'azi da bai san ni ba, ni ma ban san shi ba, yana cewa ga irin gubar da ake ɗura wa 'ya'yan Musulmi da sunan ilmi. Ban ga laifinsa ƙwarai ba. In aka nuna mini wannan shafi shi kaɗai da sunan wani, ni ma abin da zan fahimta ke nan. Na rubuta bayani na tura, na nemi mai gadi ya buɗe mini ofis na ɗauko kashi na biyu na watsa. Bayanin bai kai rubu'in inda shafin ya kai ba. Magana zarar bunu ce.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da mahaifiyata ta sa aka kira mata ni, dab da shan ruwa. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, mata sun shigo mini da wata magana. Ka gaya mini gaskiya, kana nan kan abin da mahaifinka ya bar ka a kai?" Mahaifina shi ya ɗora mini Ahalari da Ishmawi a zaurensa. Na ce, "Inna, ina nan." Ta ce, "To, Allah ya tsare," ta kashe. A masallacin unguwarmu, inda nakan ja asham in liman ya gaji, aka daina waiwayowa ana nemana. Ba wanda ya ce mini komai.

A daren na kira shugaban sashe. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Da an koma zan yi bayani da kaina."

Bayan ƙaramar salla sai aka aiko mini cewa mahaifin ɗalibin da shafin ya fita daga wayarsa yana son ganina. Limami ne a wani ƙauye can wajen iyakar Birnin Kudu da Albasu. Na hau babur da asuba, ina tsara yadda zan kare kaina, har na kwafe maganganun Griffel a takarda. Na tarar da dattijo mai kimanin shekara saba'in a kan buzu, littattafai a gafaka jingine da bango, manyan ɗalibai huɗu a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya sallami ɗaliban, ya sa aka kawo fura. Sai ya zaro shafuka shidan daga ƙarƙashin buzu, duk ya bi su da alƙalami.

Ya ce, "Ɗana, na karanta. Hujjar mutanen nan ka kawo ta daidai, ba ka rage musu komai ba. Wannan amana ce, kuma ba kowa ke da ita ba." Daga nan, ba tare da ya buɗe littafi ba, ya shiga warware ta. Ya fara da hukuncin hankali kashi uku, wajibi da mustahili da ja'izi, kamar yadda Sanusi ya buɗe littafinsa na tauhidi, Ummul Barahin. Ya zo kan cewa duk wani jiki a duniya ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne tunda ido yana ganin suna sauyawa, kuma abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Ya jawo baitoci daga Sullam, littafin manɗiƙi na malamin da ya rubuta Ahalari, a kan yadda ake gina hujja. Ya ce Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Imamu Suyuɗi yana kare ilmin manɗiƙi. "Saboda haka," in ji shi, "ba baƙon abu ka kawo mana ba."

Ina zaune, takardar da na kwafo tana aljihu, ban fito da ita ba. Abin da El-Rouayheb ya cika babi-babi yana bayyanawa game da makarantar Sanusi, ga shi a gabana yana numfashi, tafiyar awa ɗaya da rabi daga ofishina. Shekara biyu ina ɗokin littafin da aka buga a Cambridge, ban taɓa tambayar wa ke karantar da Ummul Barahin a ƙasarmu ba.

Sai ya ajiye takardun ya dube ni. Ya ce, "Amma ka san abin da aka zargi Fahrur Razi, babban malamin nan na tafsiri da tauhidi, da shi? Cewa aka yi yana kawo shubuha lakadan, amsa kuma ajalan. Kai ma abin da ka yi ke nan. Ko sadaki aka ce ajalan, sai an sa shaidu. Kai ka ba yara shubuha a hannu, ka ce su dawo mako mai zuwa su karɓi amsa. Wa ya ba ka tabbacin mako mai zuwa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, so na yi su yi tunani da kansu." Ya ce, "Niyyar ta yi kyau. Amma a nan, in na buɗe wa ɗalibi mas'ala irin wannan, ba ya tashi daga kan tabarmar nan sai na rufe ta, ko da za a kira magariba. Ɗan nawa kwana uku ya yi ba ya cin abinci sosai. Ba don ya tona maka asiri ya tura wa abokinsa shafin ba. Amsa yake nema."

Wannan jimla ta ƙarshe ta fi saƙon muryar mai wa'azi yi mini ciwo. Duk tsawon azumi ina kallon kaina a matsayin wanda aka shafa wa kashin kaji. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yaron da ya kwana da tambayar da na dasa masa ba, a ƙauyen da ba laburare, ba malamin da ya ba shi takardar.

Da na dawo gida na buɗe Munƙiz na Gazali, na je wurin da na sha karantawa. Ya kawo labarin yadda Imamu Ahmad ɗan Hambali ya ƙi jinin raddin da Harisul Muhasibi ya rubuta wa Mu'utazilawa, wata ƙungiya mai ba hankali rinjaye a aƙida, yana cewa ai ka fara kawo shubuharsu kafin amsa, me ya amintar da kai cewa wani ba zai karanta shubuhar ta kama zuciyarsa, bai kuma waiwayi amsar ba? Gazali ya ce maganar Ahmad gaskiya ce a kan shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta yaɗu amsa ta wajibi ne, kuma ba a amsawa sai an kawo ta. Wato mai littafin ya san haɗarin, shi ya sa ya manne kowace hujja da amsarta. Ni na zo na raba su.

Kafin in taso, dattijon ya rubuta wasiƙa da Larabci zuwa ga hukumar kwaleji. Ya karanta mini ita. Ya ce ya duba takardun, ya zauna da ni, bai ga ɓatan aƙida ba, ya ga kuskuren tsari, kuma yana roƙon kada a hana yara wannan ilmi saboda kuskuren. Ya sa hannu, ya naɗe, ya ba ni. Da aka buɗe makaranta na kai wa shugaban sashe hannu da hannu, domin ta hannunsa ƙa'ida ta ce takarda ta bi. Ban yi fotokwafinta ba.

Kwamitin bincike ya zauna mako uku bayan komawa. Mutum biyar. Na faɗi abin da na yi ba ragi, na amsa laifin raba takardar. Aka tambaye ni ko sashe ya san zan shigo da waɗannan littattafai cikin kwas. Na ce e, shugaban sashe ya amince. Aka juya gare shi. Ya gyara zaman hula ya ce, "Gaskiya ban san da maganar ba. Da ya zo mini da ita, da na ba shi shawarar ya tsaya kan manhaja. Matasan malaman nan, in sun karanta littafin Bature ɗaya, ba sa jin kira."

Da cewa ya yi bai ga takardar da na raba ba, da ya yi gaskiya, domin bai gan ta ba. Amma zaman ofishin gaba ɗaya ya musa, yana kallon idona. Na tambayi wasiƙar liman. Ya ce takardu da yawa sun shige masa lokacin kulle, zai duba. Har yau yana dubawa. Na so in koma wurin dattijon ya sake rubuta wata, sai na ji nauyin in jawo mutum mai wannan shekaru cikin rigimar ofis, kuma kwamitin bai ba da lokaci ba.

Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil. Aka karɓe kwas ɗin aka ba wani, ya koma kan tsohon labarin cewa Gazali ya kashe falsafa. Ƙarin girmana ya tsaya shekara biyu. Littattafan huɗu aka kwashe su daga laburare aka kulle a kabad ɗin ofishin shugaban sashe, wai don kare ɗalibai.

Ina da abokan aiki da ba su yarda da ilmin kalam, wato kafa aƙida da hujjar hankali, ba ɗungurungum, suna ganin barinsa ya fi alheri, kuma suna da magabata a kan haka. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa mini a gabana tun kafin rigimar, ya kuma maimaita a gaban kwamiti, sannan ya ƙara da cewa bai taɓa jin ɓata a bakina ba. Har gobe ina girmama shi. Saɓani bai taɓa cutar da ni a wurin aikin nan ba. Wanda ya ce yana bayana shi ya yi mini sakiyar da ba ruwa.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na haƙura. A 2022 masu tantance kwasa-kwasai suka zo. Kwana biyu kafin zuwansu aka buɗe kabad, aka kakkaɓe littattafan, aka jera su a kan teburin baje koli, a sahun gaba. Jerin littattafan ƙarin karatu da na tsara wa kwas ɗin a 2020, guda goma sha biyu, aka sake buga shi da sunan shugaban sashe a ƙasa. Ina tsaye a bayan ɗaki lokacin da wani farfesa daga cikin baƙin ya ɗaga littafin Kane ya ce bai yi zaton samun irinsa a kwalejin karkara ba. Shugaban ya yi murmushi ya ce sashe yana ƙoƙarin tafiya da zamani. Baƙi suka tafi ranar Alhamis. Ranar Litinin littattafan sun koma kabad.

Ban ce komai ba. Takardar gargaɗin tana fayil, ina da iyali.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Duk amincewar da babba ya yi maka da baki, ka koma ofis ka rubuta masa ita a takarda cikin ladabi, ka ajiye kwafi. Takardar da za ta cece ka kada ta kwana a hannun mutum ɗaya. Kowane shafi da zai fita da sunanka, ka duba shi kamar shi kaɗai za a gani. Kada ka ba laburare littafin da ba za ka iya sake saya ba: tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,000, littafin jami'a na dala 100 ya fi ƙarfin malamin kwaleji, babban littafin Griffel na 2021 a kan falsafar bayan Gazali ma a fuskar waya na karanta shi har idona ya yi ja. Kada kuma ka karɓi littafi ko ka ƙi shi don fatar mai shi. Hannah Hoechner ta zauna a Kano da Albasu, ta fitar da littafi a 2018 a kan makarantun allo, ta saurari almajirai fiye da yadda da yawanmu da muka tashi tare da su muka taɓa yi. Lokacin da gwamnoni ke kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu a 2020, littafinta na riƙa tunawa. Duk da haka akwai abin da ba za ka samu a kowane bugu na Oxford ko Cambridge ba sai ka cire takalmi ka shiga zaure.

Ni na shiga. Daga 2021 kusan kowace Asabar ina kan hanyar ƙauyen nan, har muka sauke Ummul Barahin da sharhinta, muka yi nisa a Sullam. Wani lokaci nakan fassara wa Malam abin da El-Rouayheb ya rubuta a kan Sanusi, ya saurara da kyau, ya ce nan ya gane, nan kuma da ya zo da an ƙara masa. Ba a rubuta wannan karatu a fayil ɗina ba, ba a kuma ƙirga shi a ƙarin girma ba. Shi ne abin da zan tafi da shi jami'ar da ta karɓe ni karatun digiri na uku, a kan yadda ake karantar da tauhidi da manɗiƙi a zaurukan gabashin Kano da Jigawa.

Ɗan liman yanzu malamin firamare ne. Ranar da ya ji zan tafi ya zo ofis, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, har yau ban nemi gafararka yadda ya kamata ba." Na ce ya tashi, ni ke da neman tasa. Ya ce yana so in ba shi takardun kwas ɗin gaba ɗaya, yana da ƙanne. Na sake tsara su yadda mai littafin ya tsara, kowace hujja da amsarta a shafi ɗaya, na ɗinke su wuri guda na ba shi.

Littattafan kuwa na nema a rubuce, mako biyu kafin in tafi. Aka amsa mini a rubuce cewa suna ɗauke da hatimin kwaleji, don haka kayan kwaleji ne. Suna nan a kabad na biyu daga taga, a ƙasan tsofaffin takardun jarrabawa. Wanda aka ba kwas ɗin a zango mai zuwa ya nemi a buɗe masa, kuma ya ajiye kwafin takardar da ya nema da ita.